Masarar Habu da Gafiyar Iya

Iya, mahaifiyar babanmu, mace ce da ba ta san mantuwa ba. Tana iya manta inda ta ajiye carbinta alhali yana rataye a wuyanta, amma wanda ya taka ta tun tana amarya, tana riƙe da shi har da launin rigar da ya sa a ranar. Ni na gado ta a wannan hali, kuma ban taɓa neman a yi mini maganinsa ba.

A ƙauyenmu da ke kan hanyar Buji, da zarar damina ta fara ja da baya sauro ne ke karɓar gari. Saboda haka da an idar da isha'i Iya kan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta zuba ƙaiƙayi da ɗanyen ganye a kai don hayaƙi ya tashi. Mu jikoki sai mu kewaye ta, idanu na zubar da ruwa, ana tari, amma ba mai yarda ya matsa baya. Kullum akwai abin da take turawa cikin toka da tsinke, ko ɗanyar gyaɗa ko ɗan dankali, kuma ba ta fara tatsuniya sai ta ji ƙamshi ya fara fitowa. Yawancin tatsuniyoyinta na manta su, wasu kuma sun cakuɗe mini da juna. Guda ɗaya ce ta zauna daram, domin na ga ranar da aka haife ta.

A gidanmu akwai wata al'ada. Iya tana da gayaunarta, wato ɗan yankin gona da yake nata na kanta a gefen gonar Baba. Duk jikan da ya iya tafiya da ƙafarsa zuwa gona, takan ware masa kunya guda a wannan gayauna, layi ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, ya shuka abin da ransa ke so. Ba mai taɓa abin da ya fito a layin yaro, ko Baba, sai ranar tumu. Ranar tumu kuwa ita ce ranar da gidan gaba ɗaya ke fita gona a farkon kaka, lokacin da gero ya yi ido amma bai bushe ba. A ɗaura wa shanu amalanke, a loda tabarmi da tulun ruwa da ƙananan yara. A hura wuta a gindin tsamiya, a babbaka zangarniyar gero, a murje a tafin hannu a hure. A dafa gyaɗa, a sha takanda, yara maza su bazu kamun fara. Ranar ce kaɗai a shekara da Ummanmu ke taka gona, kuma sai ka ga ta koma yarinya, tana bin bayan kuɓewa da yakuwa tana tsinka tana dariya. Babban abin ranar shi ne kowane yaro ya karyo abin layinsa da hannunsa, a gasa, ya fara miƙa wa Iya kafin ya sa a baki.

A shekarar da nake ba da labari, ƙanena Habu ne ya samu layi a karo na farko. Bai wuce shekara huɗu ba, ni kuma na ɗan tasa, ni ce mai goya shi idan ya gaji a hanya. Da yake shi ne ƙarami, layin ƙarshe aka ba shi, wanda ke jikin gambar da ta raba mu da maƙwabcin gona. Masara ya zaɓa. Ranar shuka ya cika kowane rami da iri kamar mai ciyar da kaji, sai da Iya ta bi baya tana ragewa. Daga ranar ba a sake samun zaman lafiya da shi ba, kullum sai an kai shi ya gaida masararsa. Yakan tsaya kusa da karan ya gwada tsawo, kuma ranar da ta fi shi tsayi ya yi fushi da ita har ya ƙi yi mata magana. Da ta yi goyo, ya zo da gudu yana tambayar Iya wa ya ɗaura mata ɗa a baya. Sau da yawa na kama shi yana ƙoƙarin ɓare bawon ya leƙa, sai in buge masa hannu in ce sai ranar tumu. Ya haƙura ya jira, irin jiran da yake da wuya ga ɗan shekara huɗu.

Maƙwabcin gonar nan Malam Ilu ne. Dattijo ne mai rumbuna, mai gona har inda ido ya tsaya, kuma a shekarar yana kiwon wani sa da yake ji da shi fiye da mutanen gidansa. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya, sannan ya ce, “To madalla, to madalla,” ko da labarin gobara aka kawo masa. Ana gobe ranar tumu muka haɗu da shi a bakin gamba, ni da Habu. Habu ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda aka koya masa, sannan ya nuna layinsa.

“Baba Ilu, gobe za a gasa masarata. Ka zo, zan ba ka ƙaramar.”

Malam Ilu ya dubi layin, ya dubi inda ruwan sama ya kwashe wasu gindin gamba, ya yi gyaran murya.

“To madalla, to madalla,” in ji shi.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi muka kama hanya. Habu ya ƙi hawa amalanke, wai mai gona ba ya hawa da yara. Da muka hango tsamiya ya saki hannuna ya ruga. Sai na ga ya tsaya cak. Da na iso, babu masara. An bi layin da lauje tun daga kai har ƙarshe, an bar kututture masu tsini, ruwansu ma bai bushe ba. Layin 'yan uwana Larai da Sabo da nawa suna nan lafiya, nasa kaɗai aka yanke. Ga ganye nan ya zuba a hanya, ya tsallaka gamba, ya nufi wajen Malam Ilu.

Habu bai yi kuka ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Zama ya yi a tsakanin kututturen ya ɗago kai ya ce da ni, “Yaya Dije, ina ta tafi?”

Baba ya tsallaka ya je ya tambaya. Malam Ilu bai ma musa ba. Ya ce layin ya shigo ƙasarsa da taƙi guda tun da gamba ta gushe, abin da ya tsiro a ƙasarsa kuwa nasa ne, kuma sansa ya riga ya cinye tun da asuba. Baba mutum ne mai sanyi. Ya dawo yana kaɗa kai, ya ce ba zai kai dattijo gaban mai unguwa a kan layin masara ɗaya ba, mutane su yi masa dariya. Ya ce a bar wa Allah.

“Za a bar wa Allah,” in ji Iya. “Amma ni ma Allah ya ba ni baki.”

An hura wuta, an babbaka tumu, an dafa gyaɗa, amma ranar ta riga ta lalace. Umma ta karyo masara mafi girma a gonar Baba ta gasa wa Habu, ya karɓa ya juya ta, ya ajiye a kan tabarma ya ce ba tasa ba ce. Da lokacin miƙa wa Iya ya yi, muka jeru, kowa da abin hannunsa. Habu ya shiga layin a bayanmu hannu wofi, da ya iso gabanta sai ya tsaya yana kallon tafinsa. Iya ta jawo shi ta ɗora a cinya. Ni dai na koma bayan tsamiya na yi kukana, ina rantsuwa sai na zuba wa san nan ƙasa a ido.

Da daddare ta hura wutarta kamar kullum, sai dai ta aiki Larai ta kira yaran maƙwabta, har da 'yan matan da ke talla. Tsakar gida ta cika. Ba ta jira ƙamshin gyaɗa ba, ba ta kuma buɗe da kalmomin da ta saba buɗewa da su ba. Cewa kawai ta yi, “Ku matso. Wannan sabuwa ce, da ɗuminta.”

Ta ce wai an yi wani ɗan bushiya da ya tsinci ƙwayar masara guda a bakin hanya. Yunwa yake ji amma bai ci ba, ya kai bakin raminsu ya shuka. Kullum yana zaune yana gadinta, tsuntsu ya zo ya kora, fara ta zo ya kora, har ta girma ta yi goyo. Kusa da su kuwa akwai wani tsohon gafiya, wanda raminsa ya cika da hatsi har ba shi da wurin miƙe ƙafa. Ana gobe za a gasa, ɗan bushiya ya je ya gayyace shi. A nan Iya ta dakata, ta kumbura kumatu, ta yi gyaran murya mai kauri, ta ce, “To madalla, to madalla.”

Sai dariya ta ɓarke a tsakar gidan. Umma ta leƙo daga ɗaki ta rufe baki da mayafi. Iya ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ci gaba da cewa gafiya ya fito kafin gari ya waye, ya yanke masarar, ya haɗiye ta ɗungurungum don kada a ga ɓurɓushi. Amma masarar ta ƙi narkewa. Ta zauna a cikinsa, kuma duk lokacin da ya buɗe baki zai yi magana sai ta riga shi da waƙa. Iya ta rera da siririyar murya, tana buga ƙwarya da tsinke:

“Ni ce masarar yaro,
mai lauje ya riga shi.
Ya ce da ni madalla,
ya kai ni cikin duhu.
A mai da ni ga yaro,
ni ba ta gafiya ba ce.”

Ya je kasuwa zai taya kaya, masara ta yi waƙa. Ya je zaman makoki zai yi gaisuwa, masara ta yi waƙa. Ya je neman aure, ta yi waƙa har iyayen yarinya suka kore shi da muciya. Ya sha jiƙo, ya sha sassaƙe, ya ɗaure cikinsa da igiya, duk a banza. A ƙarshe wani tsohon kunkuru ya gaya masa cewa ba mai iya fitar da ita sai mai ita. Duk inda waƙar ta zo Iya sai ta sa mu amsa, har sai da ta tabbatar ta zauna a bakin kowa.

Habu yana kwance a cinyarta, na ɗauka ma ya yi barci. Sai muka ji ya ce, “Iya, in ya je wajen ɗan bushiya fa?”

“To, kai ka ce. Da kai ne ɗan bushiya, me za ka ce masa?”

Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce, “Sai ya karyo min tasa, babba, ya gasa min da kansa.”

“Shi ke nan,” in ji Iya. “Kun ji maganin. Ku tafi da shi gida.”

Kafin kasuwa ta sake ci waƙar ta gama gari. 'Yan mata na yin ta a dandali da tafi, masu tallan dafaffiyar gyaɗa na yin ta a ƙofar gidaje, kuma ban san dalili ba, ƙofar Malam Ilu ce tallan ya fi daɗewa. Ni kaina nakan ɗauki tulu in bi ta doguwar hanya zuwa rijiya don kawai in wuce ta gaban zaurensa ina rerawa. Idan ya yi gyaran murya a majalisa sai ka ga matasa sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Har jikokinsa sun koya, suna yi masa a tsakar gidansa ba su san da wa suke ba. Ina jin daɗin wannan har cikin raina, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji ba.

Da abin ya ishe shi ya zo wajen Baba da ƙorafi. Suna zaure, Iya ta fito da sandarta ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, lafiya?”

“Iya, waƙar nan da yara ke yi, an ce daga gidan nan ta fito.”

“Daga nan ta fito. Labarin gafiya ne na ba jikokina. Akwai sunan wani a ciki?”

Ya buɗe baki zai yi gyaran murya, ya fasa.

“In kuwa ka saurare ta har ƙarshe,” in ji Iya, “akwai magani a ciki. Ba shi da tsada.”

Ba shi da tsada kam. Masara ɗaya ce da garwashi, ga gonarsa cike da ita a tsaye. Habu ya yarda da tatsuniyar fiye da kowa. Da la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gida, in ya hango Malam Ilu ya taso daga gona sai ya miƙe yana leƙen hannunsa. Malam Ilu yakan kau da kai ya wuce. Girman kai bai bar shi ya tsuguna gaban ɗan shekara huɗu ba. Masararsa ta bushe, ya karye ta, ya zuba a rumbu. Habu ya daina zaman dakali, Iya ta yi masa alkawarin baɗi za ta ba shi layi na tsakiya, inda ba lauje da zai kai.

Bai ga baɗi ba. Ƙyanda ta shigo gari da bazara, ta ɗauki yara, ta haɗa da shi. Na sani ba Malam Ilu ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma ban taɓa cewa ba haka ba ne. Amma a duk rayuwarsa kaka ɗaya aka ba Habu ya ci abin da ya shuka, kuma ita ce aka ba sa.

Da kaka ta zagayo Iya ta sake ba da tatsuniyar, amma ƙarshenta ya canza. Gafiya yakan yanke shawara ya tafi neman ɗan bushiya bayan ya gama jan ƙafa, ya isa bakin rami ya yi ta sallama, ba mai amsawa. Sai ya juyo da masararsa a ciki tana waƙa. Daga nan Iya takan tura toka da tsinke, mu ma ba mai tambayar sauran. Layin ƙarshe na gayaunar kuwa ba ta sake ba wani jika ba, ciyawa ce ke cinye shi duk shekara.

Na zama budurwa lokacin da Malam Ilu ya samu kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, ya bi gida gida yana neman a yafe masa kafin ya tafi. Gidanmu ya bari a ƙarshe. Ya tsufa sosai, ya kuma daɗe da daina cewa madalla. Baba ya shiga ya roƙi Iya ta fito, ni na riƙo hannunta zuwa zaure.

“Iya, zan tafi, ban sani ba ko zan dawo. Abin da ya shiga tsakaninmu, a yafe mini.”

“Abin da ka yi mini na yafe,” in ji ta. “Taƙin ƙasar da ka ci, na bar maka duniya da lahira. Allah ya kai ka lafiya.”

Ya fara godiya, ta ɗaga hannu.

“Masara kuwa ba tawa ba ce, Malam. Ba ni da ikon yafe kayan wani. Mai ita ya faɗi abin da yake so, duk garin nan sun ji, ya kuma zauna a dakalin nan ya jira ka. Ka san inda yake kwance.”

Baba ya ce, “Iya, don Allah.” Ta ce in mai da ita ɗaki. Ina juyawa na ga dattijon yana laluben takalminsa da ƙafa ya kasa samu, kuma ban ji tausayinsa ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Takur cikin Dutse, da 'ya'yana. Iya ta rasu, Malam Ilu ma ya rasu. Duk farkon kaka nakan kwashi yaran mu tafi ƙauye ranar tumu, a mota maimakon amalanke, kowannensu da layinsa a gayaunar da ta zama tamu. Abu ɗaya na sauya a al'adar: duk yaron da masararsa ta nuna, a ranar za mu je ya karya a gasa masa, ba na sa kowa jiran wata rana. Maigidana, wanda ya san labarin, yakan ce mini yafiya ta fi, kuma na san gaskiya ya faɗa. Na daɗe ina juya maganar Iya a raina. Ina yarinya na ɗauka ramuwa kawai ta koya mana, kuma na so ta don haka. Da na haifi nawa na ga sauran. Manya suna da saurin yafe abin da aka yi wa yaro, don ba su aka yi wa ba, su ce ai ƙaramin abu ne, zai manta. Iya ce kaɗai a gidan ta ɗauki masarar Habu da girman da shi ya ɗauke ta.

A kakar bara muna zaune a gindin tsamiyar nan, hayaƙin tumu na tashi, sai na ji wata 'yar yarinya a tsallaken gamba tana kiwon akuya tana rera waƙar. Na tambayi ko 'yar wa ce, aka ce jikar ɗan Malam Ilu ce. Ba ta san gafiya ba, ba ta san Habu ba, waƙar wasa ce kawai ta tarar ana yi. Tana zuwa “cikin duhu” sai ta koma farko, ashe ƙarshen ya ɓace a hanya. Na kira ta, na ba ta gasasshiyar masara mai zafi, babba. Ta zauna kusa da ni a bakin layin da ciyawa ta rufe tana ci, ni kuma na koya mata sauran, ina yi tana maimaitawa har ya zauna mata: a mai da ni ga yaro, ni ba ta gafiya ba ce. Sannan ta kora akuyarta ta nufi gidansu tana rerawa.